Yadda Ake Ba Gidan Namun Daji Kyautar Aikin Fasaha Mai Siffar Dabba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai a washegarin salla ya san irin cikar da yake yi da yara, waɗansu a gaban kejin zaki, waɗansu a bakin tafkin dorina, waɗansu kuma sun yi cirko-cirko a gaban ƙasusuwan manyan halittun zamanin da, irin waɗanda aka tono a Gadufawa, cikin hamadar yankin Agadas. Gidan, wanda aka buɗe a shekarar 1959, ya haɗa ɗakunan kayan tarihi da wurin masu sana'ar hannu da kuma sashen namun daji a fili guda mai faɗin kimanin hekta 24, shi ya sa ɗan kasuwa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko maƙerin da yake son barin abin tunawa yakan fara tunanin nan idan ya yi niyyar ba da kyautar sassaƙa ko zanen bango mai siffar dabba.

Niyyar mai kyau ce, sai dai akwai abin da masu ita suka cika mantawa. Abin da aka kafa a fili, rana tana dukansa, yara suna hawansa, nauyi ne aka ɗora wa mai karɓa, domin daga ranar da aka watse daga biki shi ne zai share shi, ya yi gadinsa, ya sake masa fenti, ya kuma amsa tambaya idan ya faɗo wa wani. Saboda haka jerin matakan yana da muhimmanci, kuma ƙirar kanta tana zuwa ne can a tsakiya, bayan an gama abubuwan da ba su da daɗin yi.

Tambayar masu gida

Mataki na farko shi ne a rubuta wa daraktan gidan wasiƙa tun ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba. Wasiƙar ta zama gajera: wane ne mai kyautar, me yake son bayarwa a dunƙule, da kuɗin wa za a yi, sannan roƙon a ba shi lokacin ganawa. A kai ta hannu da hannu, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Gidan na gwamnati ne, yana ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da al'adu, don haka amincewar baki da aka samu daga wani ma'aikaci a bakin ƙofa ba ta isa a dogara da ita ba, ko da kuwa ɗan uwa ne.

A wurin ganawar, sauraro ya fi bayani amfani. A tambaye su inda suke ganin akwai giɓi, da hanyar da baƙi suka fi bi, da wurin da ruwa yake kwanciya da damina, da kuma gyare-gyaren da suke shirin yi nan gaba, kada a kafa abu yau a wurin da za a tone baɗi. A nemi a gana da likitan dabbobi da masu ba dabbobin abinci, domin su ne suka san wace dabba ce take firgita da baƙon abu. Yana yiwuwa a fito daga ganawar an gane cewa abin da gidan yake bukata shi ne rumfa ko benci ko gyaran wani bango da ya daddare. Wannan bai kashe niyyar ba: benci mai siffar kada da rumfar da aka yi wa ado da sawun dabbobi duk aikin fasaha ne, kuma sun fi samun mai kula da su saboda ana morarsu kullum.

Wace dabba, kuma a wace siffa

A ganina, dabbar ƙasa ta fi cancanta da wannan wuri. Yaron Yamai yana ganin damisar Indiya a talabijin, amma sau da yawa bai san cewa raƙuman dawan da ke yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga birnin, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma ba, ko cewa a 1996 guda 49 kacal suka rage kafin kariya ta sa suka haura 600, har aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji a 2018. Akwai mena, barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ari sunanta, akwai ayu da dorina na kogin Kwara, akwai giwayen gandun W, akwai jimina da gauraka. Kowace daga cikinsu tana da labarin da za a iya rubutawa a layi uku. Kuma zana dabba ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tunda raƙuman dawan da aka sassaƙa a jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, sun shafe dubban shekaru, babban cikinsu ya wuce mita 5.

Daga nan sai maganar da ba ta kamata a kauce mata ba. Mafi yawan masu shiga gidan musulmi ne, kuma malamai da yawa suna hana yin mutum-mutumin abu mai rai wanda yake da cikakken jiki, ko da ba don bauta aka yi shi ba, alhali hukuncin zane a shimfiɗe da siffar da ba ta cika ba akwai sassauci a cikinsa a wurin waɗansu. Mai kyauta ya tambayi malamin da ya amince da shi tun da wuri, ya kuma tambayi hukumar gidan abin da ta saba karɓa. Idan ƙungiya ce take haɗa kuɗin, a yi wannan magana a gaban kowa kafin a fara karo-karo, don kada rabin mutane su janye bayan an biya kafin alƙalami.

Hanyoyin da suke rage wannan saɓani suna da yawa, kuma wasu sun fi mutum-mutumi kyau. Ana iya yanka inuwar dabba a jikin fallen ƙarfe mai kauri, ba ido ba fuska. Ana iya jera sawun zaki da na kura da na jimina a jikin siminti a kan hanyar tafiya, daidai girmansu na gaskiya, yara su riƙa gwada ƙafarsu. Ana iya tsayar da ginshiƙi mai ma'auni wanda yake nuna tsayin raƙumin dawa da na jimina da na mutum. Ana kuma iya ɗaukar dabbare-dabbaren fatar raƙumin dawa ko ɓawon kunkuru a mayar da su zayyanar bango irin ta maginan Damagaram, wadda za ta dace da fararen gine-ginen gidan masu ratsin shuɗi.

Duk siffar da aka zaɓa, a yi ta daidai, domin wuri ne na koyo. Jimina yatsu biyu gare ta a kowace ƙafa, dorina huɗu. Kura gabanta ya fi bayanta tsayi. Raƙumin dawa idan yana tafiya yakan ɗaga ƙafafun gefe ɗaya tare, kuma na Kure fatarsa ta fi ta ƴan uwansa na gabashin Afirka haske. Masu kula da dabbobi za su gano kuskure irin wannan da kallo ɗaya, gara su gano shi a takarda.

Kayan aiki da yanayin Yamai

Yanayin garin nan ba ya raga wa kaya. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, hunturu yana zuwa da ƙurar da take cin fenti kamar magagari, farkon damina kuma yana zuwa da guguwar da take ɗauke rufin kwano. Itace, komai kyansa, gara da tsagewa suna jiransa, don haka a bar shi ga abin da zai zauna a ƙarƙashin rufi, nesa da ƙasa. Faiba, wato robar da ake ƙarfafawa da zaren gilas, ba ta da nauyi kuma tana karɓar siffa, amma rana tana cinye launinta ta sa ta yi rauni, sannan gyaranta yana bukatar mai sana'ar da ba a ko'ina ake samunsa ba.

Tagulla ta fi komai daɗewa, kuma masu zubi da hanyar narkar da kakin zuma suna fitar da ita da kyau ƙwarai, sai dai tsadarta da kuma farin jininta a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa suna sa dole a ɗaure ta sosai a wurin da idon mai gadi yake kaiwa. Haka ma alminiyam, irin wanda ake zuba tukwane da shi a kasuwar Katako. Baƙin ƙarfe shi ne matsakaici: akwai shi, akwai masu walda a kowace unguwa, kuma idan ya lalace ana iya gyara shi a nan gida. Sharaɗinsa shi ne a goge tsatsa har ƙarfen ya yi fari, a shafa fentin hana tsatsa sau biyu, sannan fentin sama sau biyu, a kuma huda ƙananan ramuka a ƙasan duk wani kogo don ruwa ya fita, in ba haka ba zai ruɓe daga ciki, ya kuma zama gidan sauro. A duba gwangwanin fenti a tabbatar ba shi da dalma, domin yara suna taɓa abu su kai hannu baki.

Siminti mai rodi a ciki shi ya fi dacewa da abin da za a zauna a kai ko a hau, saboda ba ya ƙona fata kamar ƙarfe kuma ba mai sace shi. Idan aka zuba launi a cikin kwaɓin, ko aka lulluɓe shi da gutsattsarin tayil da aka goge bakinsu, an huta da yawan fenti.

Abu ɗaya haramtacce ne ɗungurungum: kada a sa hauren giwa ko fatar damisa ko ƙahon barewa ko gashin tsuntsun daji na gaske a jikin aikin. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 tana nan, Nijar kuma tana cikin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa mai taƙaita cinikin namun daji da sassan jikinsu, ga shi kuma abin kunya ne a kai wa gidan da yake koyar da kare dabbobi kyautar da aka kashe dabba kafin a yi ta.

Mai aiki da samfuri

Masu sana'a suna nan a cikin gidan tarihin kansa da kuma ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, amma ƙwarewa a ƙaramin abin ado daban take da ƙwarewa a abu mai tsayin mita uku. A nemi mai aikin ya nuna wani aikinsa da ya yi shekaru a waje, a je a gan shi da ido, a duba mahaɗar waldar da gindin da yake taɓa ƙasa, domin nan ne aiki yake fara tonon asirin mai shi.

Sannan a biya shi ya yi zane mai awo da ƙaramin samfuri, misali kashi ɗaya cikin goma na girman gaskiya. Wannan samfurin ne za a kai wa hukumar gidan, a ɗora a tebur, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a gyara, a sa hannu a kan zanen ƙarshe. Tun ran gini ran zane: wuyan da aka ga ya yi gajarta a samfuri ana gyara shi a yini ɗaya, wanda aka gani bayan an gama walda kuwa sai dai a haƙura. Kuɗin aiki a raba shi kashi uku ko huɗu, kowane kashi a ɗaure shi da wani mataki da ido zai iya gani, a kuma riƙe na ƙarshe sai an kafa.

A cikin lissafi a sa jigila da hayar motar ɗaga kaya da tushe da allo, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su har su tsayar da aiki. Shawarata kuma ita ce a ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin gaba ɗaya a ajiye don gyaran shekarun farko. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi haka ba, gara ya rage girman aikin.

Wuri da tushe

A je wurin da aka zaɓa sau uku: da safe, da tsakar rana, da kuma ranar da gidan ya cika. Baƙin ƙarfen da ya yini a rana a watan Afrilu yana iya ƙona tafin hannun yaro cikin ƴan daƙiƙu, don haka ko dai a sa shi a inuwar itace, ko a yi masa launi mai haske, ko a kewaye shi. A kuma ɗauka cewa duk abin da za a iya hawa, za a hau shi, ko an rubuta hani ko ba a rubuta ba. A goge duk wani kaifi, a lanƙwasa tsinin ƙaho da kunne ko a ɗaga su sama da inda fuskar yaro take kaiwa, kada a bar tazara tsakanin santimita 9 da 23 a tsakanin sanduna, domin irinta ce jikin yaro yake shiga kansa ya maƙale. Ƙarƙashin abin hawa ya zama yashi mai kauri.

Dabbobin ma suna da hakki a wannan zaɓi. Siffar zaki a gaban garken barewa tana iya hana su sakewa, ƙarfe mai ƙyalli yana haska ido yana sa tsuntsaye faɗa da inuwarsu, kuma abin da aka kafa dab da shinge yana iya zama tsani ga biri daga ciki ko ga yaro daga waje. Kalmar likitan dabbobi ita ce ta ƙarshe a nan.

Tushe kuwa aikin injiniya ne, musamman ga abu mai tsayi ko mai faɗi, domin fallen ƙarfe a tsaye yana kama iska kamar tabarmar da aka shanya. Shi zai faɗi zurfin rami da yawan rodi gwargwadon ƙasar wurin. Kwaɓin da aka saba yi wa irin wannan aiki shi ne kilo 350 na siminti, wato buhu bakwai, a kowace mita kubik ta kankare. A dasa ƙusoshin ɗauri tun kankaren yana ɗanye, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ana yayyafa ruwa har mako guda, a kuma bar shi ya cika kwana 28 kafin a ɗora masa nauyi. Dakalin ya ɗan ɗara ƙasa tsayi don kada gindin ƙarfe ya zauna cikin ruwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi.

Takardar kyauta

Kafin a motsa aikin daga maƙera, a rubuta yarjejeniya tsakanin mai kyauta da hukumar gidan, mai aikin ma ya sa hannu. Ta bayyana abin da aka bayar da awonsa da kayan da aka yi shi da su, ta faɗi ranar da mallaka take komawa hannun gidan, ta kuma nemi a shigar da shi rajistar kayan gidan da lamba, domin abin da ba ya cikin rajista yana iya ɓacewa ranar da aka canza shugabanci ba wanda zai tambaya. Ta fayyace wanda zai wanke da wanda zai yi fenti da kuɗin wa, da abin da za a yi idan gidan yana son matsar da shi ko cire shi: a sanar da mai kyauta tukuna, a ba shi damar gyarawa ko karɓar abinsa.

Akwai kuma hakkin mai fasaha. Sayen aiki ba ya nufin an sayi ikon buga hotonsa a riguna ko a kati a sayar, kuma sunan wanda ya ƙera shi ba ya gogewa don an biya shi. A rubuta abin da aka yarda gidan ya yi da hoton aikin, idan kuma ana son ƙarin bayani a tuntuɓi ofishin kare hakkin mawallafa na ƙasa, BNDA. Wanda zai shigo da aikin daga waje ya nemi takardar karɓar kyauta daga gidan tun kafin kayan su iso hannun jami'an duwan.

Kafawa da allo

Manyan ayyukan walda da guga da fenti a gama su a maƙera, domin ƙara da tartsatsi da warin fenti suna tayar wa dabbobi hankali. A zaɓi ranar da baƙi ba su da yawa, a zo da sassafe, a auna faɗin ƙofa da tsayin rassan itatuwa da wayoyin lantarki a kan hanyar tun kafin ranar. A naɗe aikin da tsummoki inda igiya za ta kama. Bayan an ɗaure notuna, a ɗiga musu walda don kada a kwance su da dare, a shafe wurin da fenti, a kwashe duk guntun waya da ƙusa, waɗanda jimina ba ta jin nauyin haɗiye su.

Allo ya zama gajere kuma a tsayin idon yaro: sunan dabbar, inda take rayuwa a Nijar, abu ɗaya mai ban sha'awa game da ita, sunan mai aikin da shekara, sannan sunan mai kyauta da ƙananan haruffa a ƙasa. A rubuta da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a kuma ba wanda ya iya ƙa'idar rubutun kowane harshe ya duba kafin a sassaƙa, musamman haruffa masu lanƙwasa, don kada ƙaho ya koma kaho a jikin ƙarfe har abada. Idan kamfani ne ya ba da kyautar, tambarinsa kada ya fi sunan dabbar girma.

Bayan biki

Ranar miƙawa a ba hukumar gidan takarda ɗaya mai ɗauke da sunan fentin da lambar launinsa, da yadda ake wankewa, wato ruwa da sabulu mai laushi ba tare da goga ta waya ba, da hanyar samun mai aikin, tare da hotunan aikin ta kowane gefe da ragowar gwangwanin fenti. Daga nan mai kyauta ya sa wa kansa ziyara biyu a shekara. Ta farko a watan Mayu, kafin guguwar farkon damina, a girgiza aikin da hannu a ji ko yana motsi, a duba notuna, a buɗe ramukan fitar ruwa da ƙura ta toshe. Ta biyu a watan Oktoba, a nemi ɗigon tsatsa a mahaɗar walda da tsagewa a jikin dakali, a kankare wurin a shafe tun yana ƙarami, a kuma leƙa cikin kogon ko zuma ko rina sun yi gida, a sanar da masu kula da wurin kafin yaran hutu su rigaye kowa ganowa.